Nonon Innarki Ba Shi da Laifi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin dace da abokan zama na kirki. Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki, ya tsare ki daga sharrin da kika sani da wanda ba ki sani ba. A ƙasan akwatinki na cusa ta, ƙarƙashin fararen kayan makaranta, don na san ba za ki kai hannu can ba sai kin natsu. Kada ki nemi labarin gida a ciki, kin fi ni sanin abin da kika baro.

Kin san ni ba mutumin rubutu ba ne. Hannun da ya shekara talatin yana farke cikin tarwaɗa yana naɗe ta don banda bai saba da biro ba, saboda haka in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, kada ki kai wa ƙawayenki ku yi ta dariyar tsoho. Abin da ya zaunar da ni kuwa shi ne maganar da na ji daga bakinki ranar Talata. Ina zaure, kuna tsakar gida kuna haɗa kaya, ƙawarki ta tambaye ki tabon nan da ke cikinki. Kika ce mata, har da dariya, "Ai ni nonon Inna ne bai karɓe ni ba, shi ya ƙona min hanji ina jaririya. Ni dai in na haihu madarar gwangwani zan tanada tun da wuri, kada a ce na gada." Na leƙa na ga innarki tana ninke zani. Ba ta ɗago kai ba, ta ninke shi, ta warware, ta sake ninkewa.

Abin da kika faɗa shi danginmu ke faɗa shekara ashirin, kuma ba gaskiya ba ne. Nonon innarki ba shi da laifi ko ɗaya. Mai laifin shi ne wannan da ke rubuta miki. Ga shi za ki tafi koyon aikin jinya da wannan magana a kanki, ki je ki tsaya a kan 'ya'yan mutane da ita, wata rana kuma ki hana naki ɗan abin da Allah ya tanadar masa. Na iya shiru, Allah ya sani, amma wannan karon ya gagare ni.

An haife ki wata bakwai da 'yan kwanaki, a wani ƙaramin asibiti nan Gashuwa, ƙarshen damina, lokacin da kogi ya kawo ya shiga gonakin shinkafa. Da aka miƙo min ke a zani, na zaci zanin kawai aka ba ni. Ni da nake ɗaga kifi in faɗi nauyinsa kafin a kawo sikeli, na ɗaga ki na kasa faɗin naki. Fatarki ana hango jijiyoyi ta cikinta, kunnenki bai gama tsayawa ba, amma ga farce a kowane yatsa, goma cif, kowanne da ɗan farinsa a baki. Na tsaya ina duba su ɗaya bayan ɗaya ina cewa Subhanallah. Wane irin Gwani ne ya yi wannan aikin a cikin duhun ciki, bai bar ko farcen ƙaramin yatsa ba? Da na zo yi miki kiran salla a kunne sai na yi shi da raɗa, don ina tsoron muryata ta yi miki nauyi.

Ba ki iya kama mama ba, ƙarfin tsotso bai zo miki ba tukuna. Nas ta ce innarki ta riƙa tatsa a ɗan kofi ana ɗiga miki da cokali, ta kuma ja mana kunne: ba ruwa, ba dabino, ba rubutu, ba komai sai nonon uwa. Innarki kuwa zazzaɓi ya kwantar da ita, nonon yana zuwa ɗigo-ɗigo, mai kauri, rawaya, irin na farkon nan da ake kira dakashi.

Iya, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ita ke zaman jinya. Kin san ta, ta goya ki, ta ɓoye miki ƙosai a bakin zani. Ta haifi tara, ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu, kuma ba ta taɓa nufin ki da komai ba sai alheri. A rana ta uku ta ɗebi nonon innarki a ludayi, ta kira ni gindin bishiyar maina da ke bayan ɗakin, ta tsinci tururuwa uku ta jefa a ciki. Haka ake gwada nono tun kakanni: in tururuwa ta fito, nono lafiyayye ne, in ta mutu a ciki, mugu ne. Muka tsuguna muna kallo. Suka yi ta mutsu-mutsu, ba wadda ta kai bakin ludayin.

"Ka gani da idonka, Sale," in ji Iya. "Abin da ya kashe tururuwa, me zai bar wa wannan 'yar mitsitsiyar? Ka nemo madarar shanu mu riƙe ta da ita kafin a yi wa uwar magani. Kada ka gaya wa masu fararen kayan nan, ba su san komai ba sai allura."

Yagana, na yi aji bakwai a firamare, ina kwana da rediyo ina tashi da ita. A raina na san ko a zuma ka jefa tururuwa maƙalewa za ta yi, abu mai kauri ne kawai. Taku ashirin ne tsakanina da nas ɗin. Amma na ce, "To, Iya." Na sa wa abin suna biyayya, alhali tsoro ne, tsoron a ce Sale ya ɗauki maganar wata baƙuwa ya ajiye ta uwarsa. Ki girmama manya, 'yata, ki durƙusa musu, ki ci gaba da yin ƙasa da murya a gabansu yadda muka koya miki. Amma in rai ne a tsakani, cewa "to" ba shi ne ladabi ba. Da na kama hannun Iya na ce mu je mu nuna wa nas ludayin nan, da faɗan yini ɗaya za ta yi ta huce. A aikinki za ki haɗu da tsofaffi irinta ba adadi, kowacce da ludayinta ɓoye a zani. Kada ki daka musu tsawa, kada ki ce musu jahilai. In kika kunyata tsohuwa ba daina abin za ta yi ba, daina nuna miki za ta yi. Ki ja kujera ki zauna, ki ce, "Kaka, yaya kuke yi a gida?" ki bar ta ta gama.

Washegari na tari matan Fulani da ke shigo da madara da safe, na karɓi sabuwar tatsa, na tafasa ta a tukunya mai tsabta a wajen bandata, na zuba a ƙaramin fulas na sa a aljihun babbar riga. Har wani ji da kai nake yi, wai ni wayayye, na tafasa. Kullum bayan la'asar Iya takan tafi da innarki bayan ɗaki wankan jego, a bar ni da ke. Sai in juya wa ƙofa baya in ɗiga miki da cokali. Kina haɗiyewa, ina murna. Wanda innarki ta tatsa da kyar tana cije leɓe kuwa, Iya takan faki idonta ta tuttular a gindin maina. Kwana uku a jere ana haka, kuma da wannan hannun na riƙe cokalin.

A rana ta huɗu da fara ba ki madarar kika yi laƙwas. Ba kuka, ba motsi. Cikinki ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, gefen cibiya ya yi ja. Kika yi amai kore shar, irin koren da nake gani in matsarmamar kifi ta fashe, sannan aka ga jini a tsummanki. Nas ta duba ki sau ɗaya ta rubuta takarda, ta ce mu kama hanyar Nguru yanzu-yanzu, kada mu tsaya ko sallama da gida. Innarki ta manna ki a ƙirjinta cikin riga ta ɗaure da zani. Daga inda nake zaune maɗigarki kawai nake hangowa, tana ɗan bugawa, kuma tun daga Gashuwa har muka wuce Jajimaji ban ɗauke ido daga kanta ba. A cikin motar nan, gaban direba da kowa, Iya ta ce, "Ai na faɗa. Nonon nan ne, ya riga ya bi jikinta." Innarki ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba.

A asibitin Nguru aka sa ki a kwalba, aka zura miki siririyar roba ta hanci har ciki, aka nemo jijiya a bayan hannunki aka ɗaura ƙarin ruwa. Har yau ban san yadda aka yi allura ta sami hanya a hannun da bai fi babban yatsana ba. Likitan sa'ana ne, ko ma na girme shi. Ya tsaya a gabanmu mu uku ya ce, "An ba ta wani abu banda nonon uwa?" Na dubi Iya, na dubi innarki, na ce, "A'a, likita."

Akwai wata babbar nas a ɗakin, Sista Rifkatu, Kirista ce daga kudancin Borno, mace mai jiki da murya. Ita ta zuƙo abin da ke cikinki ta robar nan da sirinji, ta ɗaga shi wajen taga ta duba, ta kai hanci. Ta jira sai da Iya ta tafi alwala, sannan ta yafito ni baranda.

"Malam, ni a cikin shanu na tashi," ta ce. "Wannan gudaji-gudajin ba na nonon mutum ba ne. Nan ba kotu ba ce, ba wanda zai ɗaure ka. Kwana nawa?"

Na ce, "Uku."

"Da hannun wa?"

Na ce, "Nawa."

"To, zo ka faɗa wa likita da bakinka, ya san abin da yake fama da shi."

Ƙaryata ba ta wuce awa biyu ba, amma awa biyu a jikin bakwaini ba ƙaramin abu ba ne. Za ki yi kuskure a aikin nan, Yagana, kada ki yaudari kanki. Wata rana za ki ba da magani ba daidai ba, ko ki manta abin da aka ce ki duba. Ki faɗa nan take, tun ƙafarki ba ta bar wurin ba, a yi miki faɗan a gyara. Kunyar ke za ki sha, amma ran na ɗan wani ne. Ki kuma koyi tambaya irin ta Sista Rifkatu. Da a gaban uwata da matata ta tsare ni, wallahi da na ci gaba da musu har yamma.

Likita ya ɗaga hoton cikinki a jikin taga ya nuna min da bakin biro. Ya ce hanjin bakwaini bai gama ƙosawa ba, bangonsa siriri ne ƙwarai. In abin da ya fi ƙarfinsa ya zauna a ciki, sai ƙwayoyin cuta su kutsa cikin bangon, ya kumbura, jini ya daina kai masa, ya fara mutuwa tun mai shi yana da rai. Ya nuna min wasu ƙananan ɗigo-ɗigo jere a gefen hanjin, ya ce iska ce da ƙwayoyin suka tara. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo har ban riƙe ko rabinsa ba, za ki same shi a littattafanku. Na ce, "Likita, ni na jawo mata?" Ya ce, "Ba zan rantse ba. Ciwon nan yana kama bakwaini ko ba a ba shi komai ba. Amma babu abin da ke kare hanjinsu irin nonon uwa, musamman na farkon nan da kuka zubar, kuma madarar shanu ta fi ƙarfinsu." Magana biyu ya yi min. Na ɗauki ta farko na fake da ita shekara ashirin, ta biyun na bar masa a can. In masani ya yi miki bayani ki ɗauke shi duka, har ɓangaren da ba ya miki daɗi.

Aka hana ki ci gaba ɗaya. Ko ɗigo ba a sa miki a baki, sai ruwan nan da ke bin jijiya da allurai. Ni da na san ko ɗan tsako ba ya kwana biyu ba ci, na zuba ido ina kallon ƙirjinki yana hawa yana sauka, yau, gobe, jibi. A rana ta uku aka sake hoto, likita ya ce hanjin ya huje, sai an yi aiki, kuma ba zai yi min alkawarin za ki fito ba. Na sa hannu a takarda. Da aka tura ki ɗakin tiyata sai ƙafata ta ɗauke ni. Na tafi bakin tafkin Nguru wajen masuntan da na sani, na zauna muna hirar kifi da yanayin ruwa, har da dariya, ba wanda na gaya wa ana yi wa 'yata aiki. Na ce wa kaina ai zamana ba zai ƙara komai ba. Da na dawo bayan azahar na tarar da innarki a tsaye bakin ƙofar nan inda na bar ta da hantsi, ga jego, ga zazzaɓi, ta dafa bango. Ba ta tambaye ni inda na je ba, kuma da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. In abu ya yi tsanani ga naki, ko ga majinyacin da aka damƙa miki, ko ba ki da abin yi ki tsaya a wurin. Ni ban tsaya ba, kuma har yau ba na son wucewa ta bakin tafkin nan.

Likita ya fito da ɗan kwanon silba ya ce ko ina son in gani. Na farke cikin kifi ba iyaka, na san hanji lafiyayye na san wanda ya lalace, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, ya yi baƙi, kaurinsa bai fi na hanjin ƙaramar karfasa ba. Ya ce ya yanke wannan, ya haɗa bakin biyun da suka rage ya ɗinke da zaren da ya fi gashin kai siranta. Na dubi hannunsa, hannu ne dai irin na kowa, har da tabon ƙuna a gefe. Na ce, "Likita, yanzu ya haɗe ke nan?" Ya ce, "Ni ɗinki kawai na yi, Malam. Haɗewar ba aikina ba ce, sai mu jira." Na jingina da bango ina tunanin abin da ke faruwa a cikin wannan ɗan cikin a daidai lokacin, nama yana neman nama, ba mai gani, ba mai ba shi umarni sai Wanda ya halicce shi.

Iya ta koma Gashuwa duba gida, saboda haka ba ta ga abin da ya biyo baya ba. Sista ta ce innarki ta ci gaba da tatsa duk bayan awa uku, ko ba mai sha, don kada nonon ya ƙafe. Zazzaɓin ya sauka, nono ya kawo sosai, ana ta zubarwa. A kwalbar da ke kusa da taki kuwa akwai wata bakwaini, 'yar wani makiyayi daga wajen Yusufari, uwarta ta rasu wajen haihuwa. Sista ta sa aka gwada jinin innarki, ta nemi izinina, ta nemi na uban, ta kuma tuna mana cewa a addininmu wannan zumunci ne, mu sani. Aka fara ɗiga wa yarinyar. Yagana, nonon nan da tururuwa uku suka yanke wa hukunci, a gaban idona yarinyar ta yi kumatu da shi. Ranar da za a sallame su uban ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Mi yetti, Malam, ba ni da bakin godiya. Nonon matarka mai albarka ne. Allah ya tashi kafaɗun taka 'yar." Kina da 'yar'uwa ta shayarwa a can cikin yashi, sunanta Dije. Ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, don labarinta zai tona nawa, har na bari sunan rugarsu ya ɓace min. Wannan ma nauyi ne a wuyana, kuma na fara cigiya wajen masu zuwa kasuwar dabbobi.

Kwana shida bayan aikin likita ya ɗora abin sauraron nan a cikinki, ya daɗe, sai ya cire daga kunnensa ya sa a nawa. Da farko ban ji komai ba sai bugun jinina. Can sai na ji wani ɗan ƙugi, ƙululu, ya tsaya, ya sake. Ya ce, "Hanji ne ya farka." Washegari da hantsi Sista Rifkatu ta leƙo baranda da tsumma a hannu, tana ɗaga shi sama tana kira, "Baban bebi! Zo ka ga arziki!" Kashi ne, 'yata, ɗan mitsitsi, bai cika cokali ba, ba jini. Ya biyo hanya tun daga sama, ya wuce ta wajen ɗinkin, ya fito. Ni ƙato da gemu na faɗi na yi sujada a kan simintin baranda saboda kashin jaririya, mutane suna kewaye ni suna wucewa. Ki yi dariya in kina so, ni ma yanzu ina yi. Amma tun daga ranar ban sake fitowa daga bayi ban yi hamdala da zuciya ɗaya ba. Za ki wanke tsumma ba adadi, ki taɓa ciki ba adadi, har sabo ya so ya kashe miki mamaki. Kada ki yarda masa. Ranar da kika ji kina juya jariri kamar buhun gero, ki ajiye shi a hankali, ki fita ki sha iska ki dawo.

Da aka tashi sake ba ki abinci, da me aka fara? Da nonon innarki, ɗigo kaɗan ta roba, washegari a ƙara. Shi ya yi miki nama, shi kika sha har shekara biyu. Mun kwana arba'in da ɗoriya a Nguru. Da muka dawo gida muka tarar Iya ta riga ta ba kowa labari: mugun nono ya ƙona hanjin yarinya, likitoci sun yanke, sun kuma wanke nonon da allura. Tsakar gida ta cika ana barka, aka juyo ana kallona, ni da na ga komai. Na ce, "Allah dai ya kiyaye gaba." Iyakar abin da na ce ke nan.

Da farko na ce sai an kwana biyu in faɗa. Daga baya na ce ai Iya tsohuwa ce, kada in sa ta mutu da baƙin ciki. Da ta rasu na ce ai ba kyau a tono mamaci. Kullum da hujjata, kuma kowacce da kyanta. Ita kuwa innarki, ke ma kin sha gani ba ki gane ba. A gidan suna in ta ɗauki jariri, gwaggonki Zara takan miƙo hannu da sauri ta ce, "Kawo shi nan, kin gaji." Da aka haifi ƙannenki, sau uku ana zuwa mata da ludayi, sau uku tana rufe ƙofa, aka ce taurin kai gare ta. Ina zaure ina jin komai. Iya ta tafi tana ganin ita ta cece ki, kuma ba na so ki rage mata ko addu'a ɗaya, abin da ta gada ta yi. Ni ne na san gaskiya. Kada ki taɓa yin shirun da wani zai ɗauki nauyinsa, 'yata. Wannan ba haƙuri ba ne, zalunci ne, kuma na yi shi ina sahun gaba a masallaci.

Jiya da safe, bayan kin tafi sallama gidan kawunki, na sami innarki tana tsintar shinkafa a faifai. Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai daga farko har ƙarshe. Ba ta daina tsintar ba.

Ta ce, "Na sani, Malam. Sista ta gaya min tun ranar da muka isa."

Na ce, "Kika yi shiru? Shekara ashirin?"

Ta ce, "A lokacin in na biye wa ɓacin rai nonon ne zai ƙafe, ita kuma shi take jira. Daga baya kuwa ba maganata ba ce, taka ce. Na zuba ido in ga ranar da za ka ɗauke ta."

Na ce ta yafe min. Ta ture 'yar tsakuwa gefe ta ce, "Ni ba a ɗaki aka ɓata ni ba. Ranar Lahadi akwai suna a gidan Yaya Zara, duk za su taru."

Na ga abubuwan mamaki a rayuwata, amma ban taɓa jin na ƙanƙance a gaban wata halitta ta Allah irin jiya ba. Shekara ashirin ina kwana ina tashi da matar nan, ina ganin ni ke ɓoye mata abu. Ranar Lahadi zan je. Zan yi sallama a ƙofar tsakar gida, inda maza ba sa tsayawa, in roƙi a saurare ni, in faɗa a gaban gwaggonninki da surukansu da mai jegon. Za a yi ta zancena a Gashuwa har kaka ta wuce, masu banda za su sami abin tsokana na shekara. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ki roƙa min Allah ya ba ni ƙarfin hali.

Ke ma ina neman gafararki, Yagana. Allah ya tsare ki a inda kike, ya ba ki ilimi mai amfani da hannu mai albarka, ya sa duk jaririn da ya shiga hannunki ya koma ga uwarsa lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki san da wa kike tafiya. Allah da ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya, amin.

In kin gama karantawa na san za ki ɗauki waya. Kada ki kira ni tukuna, ni zan iya jira. Ki kira innarki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sale